Ɗurin Bindiga da Girman Nama: Amsa Ga Wani Manomi Daga Fadamar Haɗejiya

A cikin takardun da suka iso mana akwai ta wani dattijo, manomin shinkafa daga wajen Kirikasamma, wanda ya ce a ƙuruciyarsa ya taɓa harbi. Ya ce ɗansa ne ya nuna masa wani hoto mai motsi a waya, inda wasu Amurkawa ke zaune suna haɗa harsashi da hannunsu, suna gardama a kan bindigar da ta dace da wata ƙatuwar dabba mai ƙaho kamar rassan itace. Shi ne yake tambaya, shin wannan ba shi ne ɗurin da muka gada ba? In kuwa shi ne, me ya sa tasu ke kayar da babban nama daga nesa, tamu kuwa sai an matsa kusa? Kuma ko akwai yadda mutum zai ƙara wa tasa ƙarfi?

To, Baba, Allah ya ja kwana. Tambayarka uku ce, kuma ta ukun ce ta sa na ga bai kamata in tsaya a 'yar amsar da na bayar a rediyo ba, domin akwai rai a cikinta. Amma sai mun ɗan koma baya tukuna.

Mu fara da sunayen kansu. Bindiga, albarushi da harsashi duk kalmomin aro ne daga Larabci. Harsashi ma asalin ma'anarsa dalma, wato ƙarfen nan mai taushi da nauyi da ake narkawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ta arewa bindiga ta fara shigo mana, ta hanyar fataken Sahara. A ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Borno ya riga ya mallaki rundunar 'yan bindiga da Turkawa suka horar. Ƙasar Haɗejiya kuwa maƙwabciyar Borno ce, a lokacin ma a ƙarƙashin inuwarta take.

Duk da haka bindiga ba ta zama kayan kowa ba. Maharbin fadama da baka da kibiya mai dafi ya dogara, da kare, da tarko, da kan burtun nan da yake ɗaurawa a goshi ya duƙa yana tafiya har ya isa kusa da nama. Ko a fagen fama, zamanin Sarki Buhari, wanda ya gagari Sakkwato da Kano har rasuwarsa a 1863, doki da mashi da takobi da baka su ne ƙashin bayan runduna. Bindiga ta fara yawa ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. A Damagaram, Sarki Tanimu ya sa ana haɗa albarushi ana kuma ƙera igwa a cikin birninsa. A 1893 Rabe ya ci Borno, kuma ƙarfin bindiga ne ya ba shi.

Ita bindigar toka da muka sani, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga, ta kudu ta fi shigowa. Turawa na kiranta da sunan mutanen Denmak, domin suna cikin waɗanda suka yi cinikinta a bakin teku, ko da yake daga baya yawancinta a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam ake ƙerawa. Maƙeranmu suka gani, suka kwaikwaya. Yadda take aiki kowa ya sani: ta baki ake ɗura albarushi, a danna tsumma, a sa harsashi, a sake dannawa. Cikin bututunta sumul yake.

Ka ga ke nan, Baba, gaskiyarka. Maharbinmu tun fil azal shi ke yin ɗurinsa, kuma shi ke zaɓen abin da zai ɗura gwargwadon naman da ya fita nema. In dinya ko kirinjijiya ce a bakin ruwa, sai ƙananan 'ya'ya masu watsuwa. In barewa ce ko mariya, sai a ƙara girma. In gwanki ne, wanda ake wa kirari da sha-bara saboda taurin ransa, sai dunƙule guda mai nauyi. Masu harbin giwa a da, da suka ga dunƙulen dalma ba ya isa, sai suka koma sa sango, wato wani gajeren mashi mai dafi da ake zurawa a bakin bindiga a harba. Wannan ilimi ne, ba wanda zai raina shi. Maharbin kirki ya san cewa nama iri-iri ne, ɗuri ma iri-iri.

To ina aka rabu? An rabu ne a ƙarni na 19, inda abubuwa uku suka sauya bindiga a Turai. Na farko, aka yawaita yanka wasu layuka masu murɗewa a cikin bututu, su sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwar da yara ke murzawa, ya miƙe ba ya karkata. Na biyu, aka haɗa albarushi da harsashi da abin kunnawa a cikin kwanso guda na tagulla, ana sawa ta baya. Na uku, a 1884 wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi, wanda ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi, kuma bindigar da za ta ɗauke shi sai an yi ta da ƙarfe na musamman. Ka riƙe wannan na ukun, za mu dawo kansa.

Da Turawa suka ga sun sami wannan fifiko, sai suka rufe ƙofa. A 1890 suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brasels, suka hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigar zamani, suka bar musu ta ƙanƙara mai sumul ɗin bututu da baƙin albarushi. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa maharbinmu ya tsaya a bindigar toka. Ba rashin basira ba ne, hana shi aka yi.

Mutanen Haɗejiya sun ga bambancin nan da idonsu. Ranar 25 ga Afrilu 1906 rundunar Ingila ta tunkari birnin da bindigogi masu kwanso, da mai ruwa irin ta Maxim, da igwa. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka yi yaƙi har cikin gari, aka kashe shi tare da manyan jarumansa da dama. Shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada. Jarumta ba ta gaza ba a ranar, makami ne ya fi makami.

Wani abin mamaki, a wannan shekarar ta 1906 ce sojan Amurka ya karɓi wani sabon harsashi da ake kira .30-06. Lambar farko faɗin harsashin ne, wato kashi 30 cikin 100 na inci, kimanin milimita 7.62. Ta biyun kuwa shekarar ce. Wannan harsashi da aka yi don yaƙi shi ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda mafarautan Amurka suka fi riƙewa, kuma da wuya a yi gardamar da ɗanka ya nuna maka ba a ambace shi ba.

Dabbar da ka gani sunanta elk a bakinsu. Dangin barewar ƙasashen sanyi ce, ta fi yawa a duwatsun yammacin Amurka, a jihohi irin su Kolorado da Montana da Wayomin da Aidaho. Babban namiji kan kai kilo 300 ko fiye, wato ya yi kusa da gwankinmu, ko ya ɗan ɗara. Abin da suke gardama a kai shi ne lambar bindiga, wato faɗin bakinta da girman kwansonta. Wani ya ce .270 da ta fito a 1925 ta isa. Wani ya ce sai .30-06. Wani ya ce sai manya irin .300 Winchester Magnum ta 1963. Masu hankalinsu kan ce babbar bindigar da ke bugun kafaɗa har mutum ya riƙa runtse ido ba ta kai matsakaiciyar da mutum ya iya saitawa ba. Hukuma ma ta sa baki: a Kolorado doka ta hana harbin babban nama da bindigar da faɗin harsashinta bai kai milimita 6 ba, don kada a riƙa raunata dabba tana gudu ta mutu a banza.

Shi harsashin .30-06 da aka fi sa wa wannan dabba nauyinsa bai cika giram 12 ba, amma yana fita da gudun da ya haura mita 800 a daƙiƙa guda. Dunƙulen bindigar toka ya fi shi nauyi sau da yawa, amma gudunsa bai kama ƙafar wannan ba, ga shi zagayayye, iska na tare shi, ga bututu sumul ba abin da ke juya shi. Shi ya sa nasu ke kaiwa mita ɗari biyu ko uku, namu kuwa sai an sa kan burtu an matsa. Wannan ita ce amsar tambayarka ta biyu.

Sai dai gudu ma yana da tasa matsala. Harsashin dalma mai tsananin gudu in ya bugi ƙashi ko fata mai kauri yakan tarwatse tun bai shiga ciki ba. Haka ta faru da wani Ba'amurke, John Nosler, a 1946 a ƙasar Kanada, inda ya harbi wata dabbar da ta fi elk girma, jikinta duk busasshen taɓo, harsashi ya kasa shiga yadda ya kamata. Da ya koma gida ya zauna ya ƙirƙiro harsashi mai ɗaki biyu: na gaba ya buɗe ya faɗaɗa rauni, na baya ya tsaya a dunƙule ya ci gaba da kutsawa. A 1948 ya fara sayarwa, kuma har yanzu ana amfani da irinsa. Ka ga matsalar da ta sa maharbinmu ya koma sango ita ce ta sa wannan ya yi ɗaki biyu.

Amma ɗurin nasu da namu ba ɗaya ba ne ta wajen awo. Shi wancan da ka gani a waya yana da sikeli mai auna abin da bai kai ƙwayar shinkafa nauyi ba. Yana da littafin da kamfanoni suka buga bayan sun gwada kowane ɗuri da na'urar auna matsi, an rubuta iyakar da ba a wucewa. Bindigarsa an san irin ƙarfenta, an san abin da za ta iya ɗauka. Namu maharbin kuwa da tafin hannu ko ɗan ƙaho yake awo, albarushin yau ba lalle ya yi daidai da na jiya ba, bututun ma sau da yawa ba don bindiga aka yi shi ba tun asali.

A nan ne zan amsa ta ukun, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Babu wata hanyar ƙara wa bindigar toka ƙarfi da ba ta ƙara wa mai ita haɗari ba. Mafi muni shi ne abin da wasu samari ke yi, su fasa kwanson zamani su juye albarushinsa a bindigar gida. Wancan albarushi marar hayaƙi da na ce ka riƙe, ko bindigar ɗuri ta kamfani ba a yarda a sa mata shi ba in ba don shi aka ƙera ta ba, balle ta maƙerin ƙauye. Ina yaro a unguwarmu akwai wani maharbi da kowa ke yabon saitinsa. Wata rana ya ƙara ɗuri don ya ji an ce an ga babban nama. Bututu ya tsage a hannunsa, ya rasa yatsu uku na hagu. Bai sake riƙe bindiga ba, wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne fartanya ta gagare shi, ga iyali. Manomi hannunsa ne jarinsa.

Ban da haɗari akwai doka. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai irin na farauta masu kwanso, waɗanda lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Akwai na ɗuri ta baki, irin tamu, waɗanda lamarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Dokar kuma ta hana mutum ya ƙera bindiga ko harsashi ba da izini ba. Saboda haka abin da Ba'amurke ke yi a ɗakinsa doka ta yarje masa, kai in ka yi a nan laifi ne. A wannan zamani da ake fama da 'yan bindiga a sassan Arewa, ba wanda zai tsaya sauraren cewa gwanki ka nufa.

To, wane gwankin ma? Wannan ita ce tambayar da ban gani a takardarka ba, kuma ita ce uwar tambayoyin. Tsofaffi na ba da labarin lokacin da babban nama ke saukowa fadama shan ruwa da rani. Yau matashin da aka haifa a Guri ko Auyo ko Birniwa zai iya girma bai taɓa ganin gwanki ba sai in an kai shi Yankari. Ba bindiga kaɗai ta jawo haka ba. Ciwon bushiya da ya ratsa ƙasashen nan a farkon shekarun 1890 ya kashe shanu ya kuma kashe namun daji irin su ɓauna. Jama'a ta ƙaru, daji ya koma gona. Aka yi farin 1973 da na 1984. Aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadama kowace shekara ta sauya, kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Amma mu faɗi gaskiya, harbi ba ƙaidi shi ya ƙarasa abin da ya rage.

Su ma Amurkawa sun bi ta wannan hanya. Kafin zuwan Turawa ana ƙiyasin elk ya kai miliyoyi a ƙasar. Da bindigar zamani ta yawaita, aka yi ta kashewa don fata da nama da haƙori, har zuwa wajen 1900 abin da ya rage bai kai 100,000 ba. Abin da ya dawo da shi ba sabon harsashi ba ne. A 1900 suka yi dokar hana fataucin naman da aka harba ba bisa ƙa'ida ba. A 1912 suka keɓe masa mafaka a Wayomin. A 1937 suka yi doka cewa harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsashi a riƙa zuba shi wajen kula da namun daji. Suka sa lokacin farauta, suka ƙayyade abin da mutum zai harba. Yau elk ya kai kimanin miliyan guda. Wato mutumin da ka gani yana auna albarushi, yana da abin da zai harba ne don kakanninsa sun yarda an auna su.

Mu ma ba mu rasa abin riƙewa ba. Jihar Arewa ta yi dokar namun daji a 1963, gwamnatin tarayya ta yi ta kare dabbobin da ke neman ƙarewa a 1985. Dausayin Baturiya da ke kusa da kai, Baba, an sa shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2008, kuma a 2020 gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga dausayin Haɗejiya ya shiga sahun gandayen daji na ƙasa. Abin da ya rage mana mai yawa shi ne tsuntsaye, har da waɗanda ke tasowa daga Turai su yi hunturu a wurinmu. In muka yi musu abin da aka yi wa gwanki, jikokinmu a hoto za su gan su.

Akwai kuma maganar dalma, wadda ta shafi har wanda bai taɓa riƙe bindiga ba. Dalma guba ce, musamman ga yara da masu ciki. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya mai ɗauke da ita ta kashe yara ɗaruruwa. 'Ya'yan harsashin da suka faɗa ruwa, agwagin daji kan haɗiye su a zaton tsakuwa ne, su yi ciwo su mutu. Waɗanda suka shiga jikin nama kuwa sukan bar ɓurɓushi. Shi ya sa Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991, Tarayyar Turai ta hana amfani da ita a dausayi daga 2023, masu harbin elk da yawa kuma suka koma harsashin jan ƙarfe zalla. Kai ɗan kasuwa mai sayen naman daji, da ke uwargida mai dafawa, a yanke wurin da harsashi ya bi a zubar, kada a sa a tukunyar yara. Mai narka dalma kuma kada ya yi a cikin gida, kada ya yi da kaskon girki.

Saboda haka, Baba, gadon da maharban da suka bari ba yawan albarushi ba ne. Sanin nama ne, da haƙurin matsawa kusa, da barin harbin da mutum bai tabbata zai kayar ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa ko dabbar da aka halatta a ci, ba a yarda a azabtar da ita ba. Wanda ya harbi babban nama da ɗurin tsuntsu ya zalunci dabba, wanda ya cika ɗuri don ya rama ya zalunci kansa. Bindigar da ke rataye a ɗakinka, in tana nan, ka je ofishin 'yan sanda ka ji matsayinta a doka, ka kuma ja kunnen yaron nan kada ya gwada abin da ya gani a waya. In gadu ko birai ne ke yi maka ɓarna a gona, ka kai kuka wurin mai gari da ma'aikatan gandun daji, a san yadda za a yi.

Duk wani dattijo da ya taɓa ganin gwanki ko ɓauna a fadamar nan, ya aiko mana ya faɗi wurin da kuma zamanin wane sarki, za mu karanta wa jama'a su ji. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare hannuwanmu. Ku huta lafiya.